Motar da Ta Daina Kuka

A shekarar da damina ta yi wa ƙasar Gobir rowa karo na biyu a jere, ranar da mutanen Sabon Birni suka fita bayan gari roƙon ruwa, aka kashe Usmanu mai gadin sito.

Insifekta Jibrilla ma yana cikin sahu, da rigarsa a juye kamar ta kowa. Yana amsa amin da ƙarfi, ko da yake rabin abin da yake roƙo canjin wurin aiki ne. Ba a kai ga shafawa ba Kofur Bawa ya ratso jama'a yana haki, ya durƙusa daidai kunnensa.

"Yallaɓai, an buɗe sito, an kwashe gari. Usmanu shina kwance cikin jini."

Garin jar masara ne na agaji da aka kawo daga wata ƙasa. Ba a fara rabawa ba, domin kwamiti bai gama gardamar unguwar da za a soma da ita ba. A lokacin mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Insifekta ya dubi dubban mutanen da ke zaune cikin rana da yunwa, ya miƙe ba da son ransa ba.

Shi dai mutum ne mai tsoro, kuma bai taɓa yi wa kansa ƙarya a kan haka ba. Shekara da shekaru yana tuƙa motar 'yan sanda kafin a maƙala masa anini a kafaɗa, har yanzu abokan aikinsa in ya ba da baya Insifekta Sitiyari suke ce masa. Bindiga kuwa, ko a hannun Kofur ya gan ta sai ya matsa gefe.

Sito yana bakin gulbi, wanda a bana babu komai cikinsa sai rairayi. Usmanu na kwance rubda ciki a ƙofa, an buge shi a ƙeya da wani ƙarfe. Insifekta ya duba kwaɗo, ya ga ba fasa shi aka yi ba, mabuɗin ma yana jiki. Ya sunkuya kan gawar. Kafaɗar rigar da wuyanta duk gari ne rawaya.

"Kofur, mai gadi yana ɗaukar buhu ne?"

"In wanda ya sani yac ce ya kama mai, shina ɗauka, Yallaɓai."

Sawun taya ya fito daga ƙofar, ya gangara cikin gulbi, ya haura ɗaya gaɓar ya kama hanyar Isa. Sawun akori-kura ne, kuma ya nutse ƙwarai saboda nauyi.

Kafin a kai Usmanu makwancinsa labari ya gama gari: wata Bafillatana ta ji motar, ta ce tana kuka. To, a Sabon Birni duka mota ɗaya aka sani da kuka, ita ce akori-kurar Kalilu direba. Ga shi kuma babu wanda ya gan shi a filin addu'a.

Da la'asar aka jawo shi. Insifekta yana ofis ya jiyo hayaniya tana matsowa kamar ruwan da aka yini ana roƙo. Ya leƙa ta taga ya ga Kalilu a tsakiyar mutane, riga a yage, baki na jini, wasu na turo motarsa a baya. Wani ya riƙo galan ɗin fetur.

Ya so ƙwarai ya shige ƙarƙashin tebur. Abin da ya hana shi, teburin ƙarami ne, shi kuma yana da tumbi. Ya fita, ya kamo hannun Kalilu ya jefa shi ciki, ya tsaya a ƙofa.

"Ku ba mu shi!"

"Hukuma ta karɓa," in ji shi, da muryar da ya yi fatan ta fi haka kauri.

Wani dogon mutum mai tsabtar kaya ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Lawwali ne, mai akori-kurar da kwamiti ke haya tana ɗauko kayan agaji daga Isa.

"Jama'a, ku yi haƙuri har gobe," in ji Lawwali. "In Yallaɓai bai samo garinmu ba, kun san abin yi."

Insifekta ya yi masa godiya. Sai da ya rufe ƙofa ya gane wa'adi aka yanka masa.

Insifekta ya tarar da Kalilu tsugune a kusurwar ɗakin tsare masu laifi.

"Ina kake da hantsi?"

"Gida, Ranka shi daɗe. Zawo nika yi."

"Zawon ne ya tuƙa motar? Da aka turo ta injin da sauran ɗumi."

"Na ɗan tayar da ita ne don batir."

Insifekta ya ajiye wani abu a gabansa: dogon burodi mai tauri, irin wanda ba a gasawa sai a ƙetaren iyaka. A ƙarƙashin kujerar direba Kofur ya same shi.

Kalilu ya fashe da kuka. Iyaka a rufe take a shekarar, soja na sintiri, wanda aka kama da fetur kuwa sai dai iyalinsa su ji labari.

"Ta Burkusuma nib bi, Yallaɓai. Jarkoki na kai, suka ba ni gero tiya kaɗan da wanga burodi. In na faɗi, soja. In ban faɗi ba, waɗanga na waje. Ka zaɓa mini wadda ta fi sauƙi."

"Wa ya gan ka?"

"Wanda duk ya gan ni, shi ma bai so a san ya gan ni."

Insifekta ya gutsiri burodin don ya tabbatar da shaida. Ya tabbata.

Washegari da sassafe ya nemi Bafillatanar. Sunanta Hajo, dattijuwa ce daga wajen Unguwar Lalle. Shanunsu sun ƙare a hanya, ita da jikokinta suka yi bukka a gindin wata gawo kusa da sito suna jiran rabo.

"Inna, kin ga motar?"

"Ban gani ba. Ina cikin bukka, ƙaramar tana zazzaɓi. Ji na yi."

"Yaya kukan yake?"

"Kamar saniyar da anka raba da ɗanta."

"Tun daga ƙofar sito take yi?"

Hajo ta yi tunani. "Da ta tashi, ta yi. Da ta gangara gulbi, tsit, har na ce ta mutu. Da ta kama hawan waccan gaɓa sai ta sake, tun ƙarfinta, har yarinya ta farka."

"A gangara shiru, a hawa kuka. Kin tabbata?"

"Ɗana, ni da ke gane muryar kowace saniya cikin garke? Shanun ne sunka mutu, ba kunnena ba."

A hanyar komawa Insifekta ya tsaya cak har Kofur ya tsargu.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Bawa, ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya, aksul, kuka biyu gare shi. Akwai na boris, ƙwallayen ƙarfen da ke bakin taya. Shi gurnani ne, gudu yake bi, ka taka totur ko ka saki yana nan, sai dai in ka sha kwana nauyi ya koma gefe guda ya ƙaru ko ya ragu. Akwai kuma na haƙoran giya da ke cikin tukunyar tsakiya. Shi totur yake bi. Ka taka ya yi kuka, ka ɗaga ƙafa ya yi shiru."

"To, na Kalilu wane ne?"

"Shi za mu ji, in sun bar mu mun fita."

Mutane sun riga sun taru a gaban ofis, sun fi na jiya. Insifekta ya shiga motar Kalilu, ya ce duk mai son gani ya biyo shi gulbi. Aka bi shi, wasu da sanduna. Ya sa Hajo ta shiga bukkarta, ya tashi daga ƙofar sito, ya gangara, ya haura. Motar na gurnani iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A can saman gaɓa ya sha kwanar hagu, gurnanin ya ƙaru a tayar dama.

Hajo ta fito tana girgiza kai. "Ba ita ba ce. Wagga tsohon kare ce. Waccan saniya ce."

Insifekta ya ji daɗi na ɗan lokaci. Sai wani daga baya ya ce, "Baƙuwa za ta faɗa muna motocin garinmu?" Wani ya ce an saye ta da burodi. Dutse ya faɗo kan gilashin gaba. Ya mayar da motar Kalilu ofis a guje, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

Ta ƙofar baya ya sulale zuwa garejin Malami bakanike, a bakin hanyar Isa. Malami na zaune kan tsohuwar taya, ba aiki.

"Wace mota ce giyar bayanta ke kuka a 'yan kwanakin nan?"

"Ta Kalilu."

"Ta Kalilu boris ne, kai ma ka sani. Giya nake tambaya."

"Ban ji ba, Yallaɓai."

"Man giya fa? Wa ya zo nema?"

"Man giya? Rabona da ganin shi tun kafin a rufe iyaka. Kowa baƙin mai yaka zubawa, in ya samu."

Malami na magana idonsa na kan hanya. Insifekta ya zauna kusa da shi a kan tayar, ya rage murya.

"Malami, ni ma tsoro nake ji. Tun jiya ban iya haɗiye ruwa ba. Amma in rana ta karkata za su ƙone mutum a ƙofar ofishina, kuma ka san ba shi ba ne."

Bakaniken ya daɗe yana murza yatsunsa.

"Jiya bayan azahar wani ya zo. Garin katako yan nema."

Insifekta ya san dabarar, dillalan mota ke yin ta. A cakuɗa garin katako da mai a ɗura cikin tukunyar aksul, ya cike tsakanin haƙoran da suka cinye, mota ta yi lumus na ɗan lokaci har a sayar wa wawa.

"Ka ba shi?"

"Ina na gan shi? Kafinta bai aiki, wanda ya rage jakkai sun lashe. Na ce mai ko wane gari mai laushi shina yi."

"Wane ne?"

"Ina da ɗiya ƙanana, Yallaɓai. Ka bar ni nan."

Bai matsa masa ba. Ya fito yana lissafin masu akori-kura daga nan har Isa. Ba su da yawa, amma sun fi ƙarfin yini ɗaya, ga motar ofis tana kan duwatsu ba taya.

Da ya dawo, ya tarar an fara tara karan dawa a jikin bangon ofis. Kofur Bawa na tsaye da bindigar da su biyun suka san babu harsashi a cikinta. Lawwali ya tare shi da fara'a, ya ja shi gefe.

"Ranka shi daɗe, abin ya fi ƙarfinka. Ga motata. Ka sa Kalilu baya, za ni kai muku shi Isa wurin soja. Can su ji da shi, kai ka huta."

Shawarar ta yi wa Insifekta daɗi har ya ji kunyar kansa. Ya san in Kalilu ya shiga hannun soja da wannan tuhuma ba zai dawo ba. Ya kuma san in Kalilu ya kwana a nan ba zai wayi gari ba. Ya dubi motar Lawwali, fara tas, an wanke bayanta. A shekarar da ake sayen ruwa da garwa.

"Na gode, Alhaji. Amma ka san doka, ba a ɗaukar mai laifi a motar da hukuma ba ta gwada ba. Kawo mabuɗi in zagaya da ita."

Babu wata doka mai kama da haka. Lawwali ya dubi jama'a, ya miƙa mabuɗin, ya shiga gefen mai zaman banza.

Suka kama hanyar gulbi. Insifekta ya gangara, ya taka totur a hawa, ya kasa kunne. Shiru. Ya juyo ya sake. Shiru, irin wanda ko sabuwar mota ba ta yi.

"Lafiyayya ce," in ji Lawwali. "Mu koma."

"Bari ta ɗan yi zafi."

Ya miƙa kan hanyar Isa. Gonaki fetal, gero ya bushe tun yana gwiwa, gawar jaki a gefen hanya, babu mutum ko ɗaya. Ta wutsiyar ido ya ga hannun Lawwali ya sauka ƙasan kujera, inda direbobi ke ajiye sifanar taya. Ƙeyar Insifekta ta fara ƙaiƙayi. Ya shiga surutu, ya yi zancen tsadar taya, ya yi zancen ciwon bayansa, ya ce ai Kofur ya san inda suka nufa, ya maimaita wannan sau biyu.

"Jiya wane sahu ka tsaya a filin addu'a, Alhaji? Ban hange ka ba."

"Can baya. Na makara."

"Allah sarki."

Sai iska ta juyo ta taga, ta kawo wani ƙamshi. Cikin Insifekta ne ya fara ganewa kafin kansa, ya yi ƙugi. Ƙamshin masara ne ana toyawa, gauraye da ƙaurin baƙin mai.

Ya sha kwana a fili ba tare da ya rage gudu ba, ya nufo gari yana danna ham tun daga nesa don kowa ya san suna tafe. Bai ɗaga ƙafa ba sai a tsakiyar taron, a ƙofar ofis. Ya zare mabuɗi ya diro.

"Kofur, tsaya kusa da Alhaji. Wani ya ba ni sifana da kwano."

Ya kwanta a ƙasa da kakinsa, ya ja tumbinsa ƙarƙashin motar da ƙyar. Tukunyar aksul ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Ya naɗe hannu da hula, ya kwance noti na ƙasa, ya tara kwano. Abin da ya fito ba mai ba ne. Wani abu ne mai kauri kamar talge, baƙi-baƙi da ɗigon rawaya, yana tururi.

Tun kafin ya fito, na kusa suka fara shaƙar hanci. Mutanen da suka yi watanni ba su ji ƙamshin hatsi a wuta ba, ba sai an yi musu bayani ba.

Ya miƙe ya ɗaga kwanon.

"Motar da ta ɗauki garinku giyarta ke kuka, saboda an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta babu man kirki a ciki. Mai ita ya ji ana neman mota mai kuka, ya nemi garin katako ya toshe mata baki, bai samu ba. Sai ya zuba abin da yake da shi da yawa." Ya juya. "Alhaji, ba a raba garin nan ba ko tiya ɗaya. A ina ka samu har da na ba mota?"

"Ragowar da ta zube ce a bayan mota, lokacin da nika ɗaukowa daga Isa."

Wata tsohuwa ta matso, ta dangwali abin da ke kwanon ta murza a yatsa.

"Ko da sharar ƙasa ce," in ji ta, "wa ke da zuciyar zuba abinci cikin ƙarfe a wagga shekara? Jikana shekaranjiya munka binne."

Mutane suka fara matsowa a hankali. Lawwali ya ja da baya har ya jingina da motarsa, ya kamo hannun rigar Insifekta.

"Ka shigar da ni ciki. Don Allah, Yallaɓai, ka kulle ni."

"Ina garin?"

"Tozai. Cikin tsohon rumbun kawuna. Duka shina nan, ban sayar ba."

"Usmanu fa?"

"Na ce mai kwamiti ne sunka ce a mayar da kaya Isa. Shi ya kama mini lodi. Da munka gama sai yac ce bari ya kulle ya tafi filin addu'a ya tambayi shugaba. Na roƙe shi, na ce za ni ba shi buhu. Ya ce a'a. Ya juya baya..." Ya sunkuyar da kai. "Ban yi niyya ba. Sifanar tana hannuna."

Kofur Bawa ya danna masa ankwa. Insifekta ya sa shi a gaba, ya bi shi a baya da faɗin jikinsa yana kare shi, yana jiran dutse a ƙeya a kowane taku. Dutsen bai zo ba. Kalmar Tozai ta riga ta zagaya taron, kuma mai jin yunwa ya fi son sanin inda abinci yake.

Aka tura Lawwali ciki, aka fito da Kalilu. Ya tsaya a ƙofa yana ƙifta ido, leɓensa a kumbure, yana kallon karan da aka tara don shi.

Babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Can sai mutumin da ya riƙo galan jiya ya matso, yana sosa wuya.

"Malam Kalilu, ka ga ita waccan an zubar mata da mai, ba ta tashi. Tozai kuwa da nisa, ga yara ba su ci ba. Ko za ka taimaka?"

Kalilu ya dube shi, ya dubi Insifekta. Insifekta na zaune a kan dakali, ya miƙa masa mabuɗin motarsa.

Kalilu ya goge jinin bakinsa da bayan hannu.

"Mutum huɗu masu ƙarfi su hau baya," in ji shi. "Wanda ya doke ni jiya shi za shi fara ɗaukar buhu."